Neman shawara: an ce sai da takardar gwajin korona 'yata za ta koma makaranta, ga WAEC saura mako biyu

Maman 'Yar Aji Shida (Lahadi, 2 ga Agusta 2020):

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Sallah. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, don jibi Talata ne ranar komawa.

A Sabon Shagamu muke zaune, jihar Ogun. Babbar yarinyata tana aji shida a wata makarantar kuɗi ta kwana, tun watan Maris da aka rufe makarantu tana gida. Ranar da aka sanar 'yan ajin ƙarshe za su koma 4 ga Agusta, a fara WAEC ranar 17, da kanta ta sauko da akwatinta ta shanya kayan makaranta. Sai ga saƙo daga makarantar cewa umarnin jiha ne, duk ɗalibin kwana sai ya zo da takardar gwaji mai nuna ba ya ɗauke da korona, in babu ko ƙofa ba zai wuce ba.

Yau da asuba muka hau mota zuwa Abeokuta, inda aka ce mu je. Kafin ƙarfe bakwai mun isa, amma mun tarar da jama'a kamar ranar kasuwa. Yara a cunkushe, kafaɗa na gogar kafaɗa, rabinsu takunkumin yana ƙasan haɓa saboda zafi. Wata yarinya kusa da mu tana ta tari, uwarta tana yi mata fifita da takardar makaranta. Can sai magana ta fito: 'yan makarantar gwamnati kyauta ne, 'yan makarantar kuɗi naira 25,000 kowane yaro. Wuri ya ruɗe, iyaye suka hau ihu. Har la'asar ba a taɓa hancin 'yata ba, muka juyo.

Babanta goro yake kaiwa Arewa. Lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi huhunan da ya saya a hannunsa suka lalace, har yanzu bai farfaɗo ba. Kuɗin jarrabawarta ma da adashe na biya. Abin da ke hannuna 18,000 ne, na sabulu da gari da madararta. Ina da 'yan kunnen gwal da zan iya sayarwa gobe, amma waɗanda suka biya a gabana ma ba wanda aka faɗa wa ranar da sakamako zai fito.

Abin da ya fi tsaya min a rai: muna fitowa wani mutum ya biyo mu, ya yi ƙasa da murya ya ce in ba shi 7,000 zai kawo takarda da hatimi, ba sai an gwada ta ba. Na karɓi lambarsa. Ban kira ba, amma ban goge ba. Yarinyar kuma tun a mota take kuka, wai in aka gwada aka ce tana da shi an killace ta, shekara shida ta tashi a banza.

In sayar da 'yan kunnen in koma layi? In riƙe ta a gida? Ga surukata a ɗaki da ciwon suga da hawan jini, ita ma ina tunaninta.

Hajiya Babba:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai goge lambar nan yanzu. Takardar ƙarya in ta tonu yarinyar za a kora, ba shi ba, kuma ana saura kwana nawa jarrabawa. In ba ta tonu ba kuma tana ɗauke da ciwon, 'ya'yan mutane za ta kwana da su ɗaki ɗaya. Ba ki son a yi wa taki haka. 'Yan kunnen kuma ki dakata tukuna, kada ki yi saurin kai su kasuwa da safe.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje:

Hajiya, sannu da wahala. Aikina ke nan, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki don ki san abin da za ki saya da 25,000 ɗin.

Gwajin da ake yi yanzu PCR ne. Tsinken audugar da ake zurawa a hanci shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Bayan nan sai a saka shi a kwalbar ruwan magani, a ajiye cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji, a kashe ƙwayar, a tace asalin halittarta, sannan a saka a na'ura ta yi sa'o'i tana juyawa. Kusan duk sinadaran daga waje ake shigo da su, kuma duniya gaba ɗaya rububinsu take yi. Abu ɗaya ya yanke, komai ya tsaya. Haka ya faru a Kano a watan Afrilu, aka yi kwanaki ba gwaji a lokacin da aka fi buƙata. A ƙarshen Afrilun nan NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ta ce tana so ta gwada mutum miliyan 2 cikin wata uku. Wata ukun sun cika, ko kashi ɗaya cikin biyar ba a kai ba. Shi ya sa har na'urorin GeneXpert na gwajin tarin fuka aka fara juyawa suna aikin korona.

To a irin wannan hali, in aka zubo dubban ɗalibai lafiyayyu a layi cikin kwana uku ko huɗu, samfurinsu zai hau kan na marasa lafiyar da ke kwance suna jiran sakamako kafin likita ya san inda zai ajiye su. Ko dai a danne na marasa lafiya, ko na ɗalibai ya yi mako a firij. Ba ni ganin ta uku.

Sannan takardar kanta. Abin da take faɗa kawai shi ne a sa'ar da aka zura tsinken ba a ga ƙwayar ba. Cutar takan ɗauki kwana 5 ko 6 kafin ta bayyana, wani lokaci har 14, kuma wanda ya kamu jiya yawanci gwajin yau ba zai nuna ba. Yarinyar da ta yini a cunkoson da kika kwatanta, kusa da mai tari, ta koma gida a motar haya, za ta iya riƙe takarda fes ranar Talata alhali ta ɗauko a layin karɓar takardar. Wannan shi ne ya fi damuna a labarinki, fiye da kuɗin.

Ban ce gwaji ba shi da amfani ba. Ga mai zazzaɓi, tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ko wanda ya zauna da mai cutar, dole ne. In 'yarki ba ta da ko ɗaya, ni ba zan mayar da ita wannan layin gobe ba.

Baban Yara Huɗu:

Malam, na ji bayaninka, amma ni ban yarda a raina dokar ba. Makarantar kwana ba kamar ta jeka-ka-dawo ba ce. Yara talatin ɗaki ɗaya, gado bisa gado, bokiti ɗaya, cokali ma aro suke yi. Mun ga almajiran da aka mayar Kaduna daga Kano, da aka gwada su da dama suna ɗauke da cutar, yawancinsu kuma garau suke yawo. Ko gwajin ya tsinto biyar cikin dubu ai an rage. A Legas ɗakunan gwaji masu zaman kansu har 50,400 suke karɓa, ka ga 25,000 ba tsadar da aka ƙirƙira ba ce. Hajiya, in da hali ki ranta ki biya, hankalinki ya kwanta.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje:

Alhaji, da kayan aiki sun wadata kuma sakamako na fitowa washegari, da ni zan fara goyon bayanka. Matsalar ita ce ta biya kuma Talata ta zo ba takarda. Kuma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a 2020 ɗin nan 30,000 ne. Mai 'ya'ya biyu a aji shida ya zai yi? Irin mutumin da ya biyo Hajiya a bakin ƙofa shi zai ci riba, ɗakin kwana ya cika da takardun da ba a gwada kowa ba, malamai kuma su saki jiki.

Wani Ɗan Uwa:

Ni fa har yanzu ban ga mai korona da idona ba. Neman kuɗi ne kawai.

Anti Nas:

Ɗan uwa, ni na gani, na kuma saka wa wasu iskar oksijin da hannuna. Ka tambayi masu haƙar kabari a Kano yadda watan Afrilu ya kasance. A bar wannan, matar nan mafita take nema.

Hajiya, ki kwantar wa yarinyar hankali a kan maganar killacewa. Yara masu shekarunta galibi da sauƙi take zo musu. Surukarki ce abin ji. Tunda kun shiga taron nan yau, daga daren nan kada ke ko yarinyar ku zauna ɗakinta, abinci a miƙa a bakin ƙofa, a bar tagarta a buɗe, a tabbatar maganin suga da na hawan jininta bai yanke ba. In zazzaɓi ya kama ɗayanku kada ku ce maleriya ce kawai ku sha magani ku yi shiru, ku kira lambar hukumar lafiya ta jiha.

Malamar Sakandare:

Maman 'yar aji shida, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a makarantar kwana, ga abin da zan yi da ni ce. Dokar kamar yadda kika kawo ta a kan 'yan kwana take. Sunan yarinyarki yana cikin rajistar WAEC, an biya, makarantar ce cibiyarta. To gobe da sassafe ki kira shugabar makaranta, cikin ladabi, ki tambaye ta abu biyu: in sakamako bai fito ba ranar Talata me suka tanada, kuma za su yarda ta riƙa zuwa daga gida ko daga gidan wani ɗan uwa na kusa har a warware? Duk amsar da ta ba ki ki roƙa ta turo a rubuce, ko ta WhatsApp ne.

Kada kuma ki tafi ke kaɗai. Ki nemi shugaban PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, da iyayen 'yan ajinsu a daren nan. Uwa ɗaya in ta yi magana za a ce ta jira, iyaye arba'in kuwa dole a zauna da su, don makarantar ma ba ta son ɗalibanta su rasa jarrabawa, sunanta ne zai ɓaci. Kuma abin da kika gani yau na ihun iyaye ba zai tsaya a bakin ƙofar nan ba, zai kai sama. Ki ba shi kwana ɗaya.

Yarinyar kuma ta share hawaye ta ɗauko tsofaffin tambayoyin lissafi, shi ne a gaba ranar 17.

Maman 'Yar Aji Shida (Litinin, 3 ga Agusta):

'Yan uwa, Allah ya saka da alheri. Hajiya Babba, na goge lambar tun jiya a gaban yarinyar, 'yan kunnen kuma suna kunnena.

Labari ya canza. Gwamna Dapo Abiodun ya fitar da sanarwa ya janye wajabcin gwajin, ya ba iyaye haƙuri, ya ce a mayar wa duk wanda ya biya kuɗinsa. A cikin sanarwar an ce 'yan kwana na makarantun kuɗi 5,340 ne, na gwamnati 500, jihar kuma gwaji 500 take iya yi a rana. Babanta ya buga lissafi ya ce kusan kwana 12 ke nan ko da an ajiye duk wani mara lafiya a gefe. Malam na ɗakin gwaji, maganarka ce ta fito. An bar wa kowace makaranta da PTA ɗinta su yanke yadda za su karɓi 'yan kwana.

Mun yi taron PTA ta waya da yamma. Na faɗi abin da Alhaji Baban Yara Huɗu ya faɗa a kan gado bisa gado, don gaskiya ya shige ni. Tunda 'yan aji shida ne kaɗai za su dawo, makaranta ta yarda a raba su a duk ɗakunan kwanan, takwas-takwas, ba mai hawa gadon sama, kuma ba ziyarar iyaye har a gama jarrabawa. Za a ware ɗaki ɗaya kusa da kilinik don duk wadda ta yi zazzaɓi, ita za a kai gwaji.

Gobe zan kai ta. Na ɗinka mata takunkumin atamfa guda shida, na saka mata kofinta da cokalinta daban. Anti Nas, tambayata ta ƙarshe: in ta gama ta dawo a watan Satumba, yaya zan yi da ita da kakarta? Tare suke kwana tun tana ƙarama.

Anti Nas:

Ki gyara mata wani ɗakin kafin ta dawo, ko falo ne. Kwana 14 ta riƙa gaida kakarta daga tsakar gida da takunkumi, kada su haɗa kwano ko buta. Ki fara yi wa tsohuwar bayani tun yanzu, a hankali, don kada ranar ta zo ta ɗauka jikarta gudunta take yi. Ki ƙara mata sabulu biyu a akwatin, na makaranta ba ya kai mako.