Don Allah yaya zan ce "herbicide poisoning" a rediyo?

Mai shirin noma: Salam jama'a. Gobe ƙarfe 4 zan shiga situdiyo, shirin manoma ne kan haɗarin feshi tunda damina ta kankama, kuma takardar da likita ya ba ni da Turanci take. "Herbicide poisoning" da "antidote" su suka tsaya min a wuya. Na rubuta "shan maganin ciyawa" sai na ji kamar mutum ya je kemis ne.

Ɗan Zazzau: Gubar ciyawa kawai Hajiya.

Mai kiwo: A'a, in ta ce haka mu za mu ɗauka wata muguwar ciyawa ce saniya ta ci cikinta ya kumbura.

Malamin Hausa: Na daɗe ina faɗa, abin da ke kisa ba a ce masa magani. Makashin ciyawa ya kamata, kamar mabuɗin ƙofa. "Antidote" kuwa muna da makari tun zamanin kibiya mai dafi.

Nas: Allah gafarta malam makari daidai ne, amma Hajiya ki yi hattara da ita, paraquat ɗin nan, maganin feshin ciyawa da aka sani da Gramoxone, ba shi da makari ko kaɗan, kurɓi ɗaya yana iya kisa, ya cinye baki ya taɓa ƙoda daga baya huhu ya ƙandare. Na ga yaron da ya sha a robar lemo da babansa ya juye ragowa a ciki, harshensa duk gyambo, an ɗura masa manja da nono kwana biyu kafin a kawo shi. A asibiti gawayi na musamman ake bayarwa ya kama gubar a ciki, shi ma sai an zo da wuri, kuma ko oksijin ba a saurin sa wa saboda yana ƙara lalata huhun.

Ɗan Maraɗi: Mu dai haki muke cewa, ciyawa ta Kanawa ce, kuma mu ma muna kama tasharku.

Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa ake yi a rediyo ɗan'uwa.

Ɗan Maraɗi: Wa ya daidaita ta Malam? Da aka zauna an kira mu?

Mai shirin noma: Ku yi haƙuri a dawo kan magana, lokaci na ƙurewa. Malam, makashin ya yi daɗi amma in manomi ya je kasuwa maganin feshi zai tambaya. Zan ce "gubar maganin feshin ciyawa", in faɗi haki sau ɗaya, sannan "ba shi da makari, a garzaya asibiti da robar maganin a hannu".

Nas: Ki ƙara da kada a sa wanda ya sha amai da ƙarfi, a cire kayan da suka jiƙe a wanke jiki da sabulu, kuma mai famfon feshin da ke yoyo a baya ya gyara shi kafin ya goya.

Malamin Hausa: To ki yi naki, ya yi tsawo dai. Ni a aji makashin zan ci gaba da koyarwa.