Miji na amfani da addini yana danne ƙanwata, ina za mu kai kuka?

Yayar Wata:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce mijinta bai taɓa ɗaga hannu ya dake ta ba, amma wallahi abin da yake mata ya fi duka. Komai ƙanƙantar saɓani sai ya jawo aya ko hadisi, ya ce mala'iku na tsine mata, aljannarta na ƙarƙashin ƙafarsa, ya hana ta zuwa karatu wai malaman na ɓata ta, in ta yi kuka ya ce aljanu ne da ita. Yanzu yarinyar da take tashi tsakar dare tana nafila ta koma cewa ai Allah ba zai karɓi sallarta ba tunda mijinta na fushi da ita. Ta je wajen wani malami a ɓoye, ya ce ta yi haƙuri, kuma ya kira mijin ya kwashe komai ya faɗa masa. Toh ina kuma za mu je?

Ɗalibin Fiƙihu:
Wa alaikumus salam Yaya. Ki fara da gyara mata abin da ya cusa mata a kai, don nan ne babbar ɓarnar. Hadisin tsinuwar mala'iku ingantacce ne, amma malamai sun bayyana cewa a kan wadda ta ƙi miji ba da wani uzuri ba ne, ba bulala ba ce da za a riƙa zabga wa mace kullum. Me ya sa mijin bai karanta mata Nisa'i aya ta 19 ba, inda aka ce a zauna da su da alheri? Ko Baƙara 231 da ta hana riƙe mace don a cutar da ita? Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Matar Sabit bin Ƙais kuwa cewa ta yi ba ta aibanta addininsa ko halinsa, kawai ba za ta iya zama da shi ba, Annabi bai ce mata je ki yi haƙuri ba, tambayarta ya yi ko za ta mayar masa da gonarsa, aka raba su. A mazhabar Malikiyya ma alƙali na iya raba aure saboda cutarwa, kuma zagi da wulaƙanci na ciki.

Maman Biyu:
Ni Kirista ce amma kamar labarina nake karantawa. Mu Afisawa 5:22 ake maƙale mana, mata ku yi biyayya ga mazanku, sai a tsallake aya ta 25 da ta ce maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, balle Kolosiyawa 3:19 da ta hana su gallaza musu. Abin da ya cece ni wata dattijuwa ce a cocinmu, ba ta min wa'azi ba, cewa kawai ta yi na yarda da ke, ta ba ni ɗaki. 'Yar uwa ki zama wannan dattijuwar.

Mai Faɗin Gaskiya:
Ku dai bi a hankali, ɓangare ɗaya muka ji. Ai Nisa'i 35 cewa ta yi a kawo mai sulhu daga danginsa da danginta, ba a zuga mace ta kashe aurenta ba.

Anti Mai Jinya:
Malam babu wanda ya ce kar a yi sulhu, amma sulhu na mutum biyu ne da kowa zai iya buɗe baki, ita kuwa wannan in ka zaunar da su wuri ɗaya ba abin da za ta ce sai lafiya lau, in kuma ta yi magana ta koma gida ta biya kuɗin maganar da ta yi. Shi ya sa masu aiki da irin waɗannan matan ke cewa a ji kowa daban, kuma kar a kai wa miji abin da ta faɗa sai da izininta, wancan malamin amana ya ci ko da niyyarsa mai kyau ce. Ingila da Wales tun 2015 suka mayar da irin wannan danniya laifi ko babu duka. Ni abin da nake so masallatai da coci-coci su yi ba mai wuya ba ne, a samu mata amintattu da za a iya kai musu kuka, liman ko fasto ya ambaci abin a kan mumbari da sunansa na zalunci, kuma ya san inda iliminsa ya tsaya ya tura ta wajen likita ko lauya. Yaya kar ki matsa mata ta fito yau, lokacin barin gidan shi ne mafi haɗari, a shirya tukuna, takardunta, ɗan kuɗi, inda za ta sauka.

Yayar Wata:
Na gode ƙwarai. Ɗalibin Fiƙihu dan Allah rubuto min fassarar ayoyin nan cikakku, amma ba zan tura mata ta waya ba don yana duba wayarta, sai ta zo gida in karanta mata da bakina.