Neman shawara: cire banish daga tsofaffin kuɗin da na gada

Mai tambaya, daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Bayan rasuwar mahaifinmu an ba ni gwangwanin da yake ajiye tsofaffin kuɗi, a ciki akwai kwabo da anini masu huda, da taro mai kusurwa goma sha biyu na 1959, da liyari biyu na azurfa masu hoton wata mata da shekarar 1780. Shekarun baya wani kafinta ya shafe su da banish don su riƙa ƙyalli, yanzu kuwa banish ɗin ya yi jajaja ya tsattsage, ƙura ta shige ƙarƙashinsa, har rubutun Larabcin da ke kewaye da hudar kwabon ba ya karantuwa. Da me zan cire shi ba tare da na yi ɓarna ba?

Maƙerin fari daga Kazaure:
Allah ya jiƙan Malam. Ɗana, ka jiƙa su cikin ruwan tsamiya su kwana, da safe ka goge su da toka, za su fito fes kamar yau aka buga su.

Malamin kimiyya daga Gumel:
Baba, a gafarce ni, wannan dabara ta awarwaro da zobe ce, domin su haske ake nema a jikinsu. Tsohon kuɗi kuwa darajarsa tana cikin fuskarsa ta asali da duhun da shekaru suka ɗora masa. Tsami yana cin jan ƙarfe, toka tana barin ƙananan ƙarce, kuma mai saye da ya san kaya zai karya farashi da zarar ya hango su.

Abin da ya dace shi ne asiton tsantsa, wani ruwan sinadari mai narkar da banish, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje a Kano. Kada ka ɗauki ruwan goge jan farce na mata, ko da yake da asiton a cikin wasunsu, saboda ana haɗa shi da mai da turare waɗanda ke zama a jikin ƙarfe. Ka zuba shi a kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, domin yana narkar da roba iri-iri, ka saka kuɗi ɗaya tak, ka rufe, ka duba bayan rabin awa. Idan banish ya yi laushi yana saɓulewa, sai ka mayar da kuɗin cikin sabon asiton ka ɗauraye, ka riƙe shi ta gefe, ka jingine shi ya bushe da kansa, kada tsumma ko farce ya taɓa fuskarsa. Asiton yana kama wuta fiye da kananzir nesa ba kusa ba, saboda haka a yi aikin a inuwa a tsakar gida, nesa da murhu da yara. Ka fara da kwabon da ya fi lalacewa.

Ɗan koli daga kasuwar Kurmi:
Game da liyarin, hoton sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya ne, wadda ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zuwa zamaninmu, don haka kada shekarar ta ruɗe ka. Nauyinsa wajen giram 28 ne, ka auna kafin kowa ya taya. Idan ka gama, ka naɗe kowanne a takardarsa daban, kada ka zuba su a leda mai laushi, tana sa su kore.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na gwada da kwabo ɗaya, sai da na canza asiton sau uku kafin banish ya fita daga lungunan tauraron da ke jikin kwabon. Rubutun ya bayyana, shekarar 1936 ce, sai dai inda banish ya tsage tun da daɗewa ya fi sauran wurin duhu. Malam, in bar shi haka?

Malamin kimiyya:
Ka bar shi haka. Iska ce ta shiga ta tsagar ta rina ƙarfen kansa, asiton ba ya cire wannan, abin da zai cire shi kuwa sai ya ci fuskar kwabon.