Wane suna za mu ba osteoporosis da Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harshe da ma'aikatan lafiya, musamman 'yan'uwana mata.

Watan jiya Goggona ta zame a bakin famfo a gidanmu na Agege, a Legas. Faɗuwa ce wadda ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma wuyan hannunta ya karye. Bayan ɗori, likita ya tura ta gwajin DXA, na'urar da ke auna ƙarfin ƙashi. Shi Turanci yake yi, ni ke yi mata tafinta. Da ya ce osteoporosis, sai na ce, "Goggo, sanyin ƙashi ne." Ta ce, "Ai da ma na sani, shi ya sa ba na rabuwa da man zafi." Nan take jikina ya yi sanyi, don na gane kalmata ta kai ta wani gari daban.

Sanyin ƙashi da amosanin gaɓɓai ciwo ne mai sanarwa: gwiwa ta yi tsami, yatsu su sage. Osteoporosis kuwa shiru yake zuwa. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Homon ɗin mata, wato wani sinadari da jiki ke samarwa, da ake kira istirojin shi ke taka wa masu rusau birki. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai istirojin ya ja baya, rusau ya fi gini sauri, musamman a shekarun farko. Cikin ƙashin ya zama rami-rami, ba zafi ba kumburi, sai ranar da wuyan hannu ko kwatangwalo ko ƙashin baya ya karye. Tsohuwar da muke gani ta rankwafa, tsawonta ya ragu, mu ce tsufa ne, sau da yawa wannan ce. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: idan makin gwajin DXA ya kai -2.5 ko ya yi ƙasa da haka, cutar ce.

Da na fara tambaya, wata malamar jinya a Idi-Araba ta ce su "raunin ƙashi" suke cewa. Ban ƙi ba, amma rauni a kunnen Bahaushe har da jin ciwo, wani zai ɗauka buguwa aka yi. "Laushin ƙashi" kuma ya fi dacewa da wata cutar daban, ta ƙarancin bitamin D. "Ruɓewar ƙashi" na ƙi shi gaba ɗaya, ƙashin bai ruɓe ba, kuma ba zan iya duban idon Goggo in faɗa mata haka ba.

Biyu suka rage: gautsin ƙashi da zaizayar ƙashi. Wani dattijo a Mile 12 ya tsaya kan gautsi, ya ce, "'Yata, abu mai gautsi ai shi ne wanda da an taɓa sai ya karye." Gaskiyarsa, Hausa ce tsantsa. Sai dai gautsi ƙarshen labari yake faɗa. Zaizaya kuwa tana nuna abin da ke gudana yau, kaɗan-kaɗan, ba a gani. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san yadda teku ta riƙa cin Bar Beach har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello, sai da aka jibge katangar duwatsu. Wanda ya ji "zaizaya" ya san abu ne da ake tarewa tun bai ci gida ba. Don haka ni zaizayar ƙashi na zaɓa a matsayin sunan cutar, gautsi ya zama siffar ƙashin da ta riga ta cinye.

Sai maganin da ake kira HRT, wato mayar wa jiki homon ɗin da ya ragu. Nan na fi tsoro. Don Allah kada kowa ya ce "maganin mata", mun san abin da wannan ke nufi a kasuwa, kuma gobe wata za ta ɗura wani abu a kwalba ta ce shi ne. Na kawo "cikon homon". Wata Yaya ta ce ciko zai tuna wa mata cikon kwalliya. Na ce Yaya, kafin wancan akwai cikon kuɗi da cikon mudu, abin da ya gaza ne ake cikawa, kuma aikin maganin ke nan.

Sunan na da wata fa'ida: ciko da awo ake yin sa. A 2002 wani babban bincike a Amurka kan mata fiye da 16,000 ya nuna cewa haɗin istirojin da wani homon mai suna furojestin ya rage karayar kwatangwalo da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ya ƙara haɗarin sankarar mama, da gudan jini a jijiya, da shanyewar ɓarin jiki, har aka dakatar da shi kafin wa'adi. Yanzu likitoci sun fi ba wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, musamman mai fama da tasowar zafin jiki da zufar dare. Mai mahaifa ba a ba ta istirojin shi kaɗai, sai an haɗa da furojestin don kare mahaifar. Akwai na haɗiya, akwai na mannawa a fata. In an daina, kariyar ƙashin takan ja baya.

Goggo ta haura 60, ba a ba ta cikon homon ba. Wani maganin ƙashi mai suna Alendronate aka rubuta mata, ƙwaya ɗaya a mako, kafin karin kumallo da cikakken kofin ruwa, kada ta kwanta sai bayan rabin awa. Ƙanwarta, Inna, mai shekara 51 ce za mu kai ranar Talata, ita ce zufar dare ta hana barci. Jiya na ji Goggo tana ce mata, "Ki je a auna ki, nawa zaizaya ce, ba sanyi ba."