Neman shawara: in ƙasa ta fito sama ya yi fari, in sama ya fito ƙasa ta yi baƙi

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sabon shiga ne a harkar hoto, kuma hoton fili ne ya fi kwanta mini a rai: fadama, gulbi, gonaki, gajimare. Ina da Nikon D3300 ta hannu da lensinta 18-55mm. Da yamma nakan tsaya wajen gadar Kwalkwalawa a nan Sakkwato, kan hanyar jami'a. Shinkafa ta yi kore shar, rana na faɗuwa ta rina gajimare ja. A ido abin gwanin kyau, a kyamara kuwa ɗayan biyu ne. In shinkafar ta fito, sama ya yi fari fat babu ko ɗigon gajimare. In saman ya fito, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Damina ta kusa ɗaukewa, ba na so gajimaren nan ya wuce ni sai baɗi. Kyamarar ce ta gaza, ko akwai yadda ake yi?

Baban Ummi, Mabera:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka lafiya lau take. Ka san yadda mutum ke shigowa zaure daga rana, ya ɗan tsaya kafin ya soma ganin waɗanda ke zaune? Haka idonka ke sabawa duk inda ka kai duba. Ita kyamara awo ɗaya take yi wa hoton duka. Masu hoto na ƙidaya haske da mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi, kuma kyamarori irin taka suna riƙe wajen mataki 12 zuwa 14 a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske). In ka fuskanci faɗuwar rana, ratar da ke tsakanin wuri mafi haske a sama da mafi duhu a ƙasa tana iya wuce haka.

Saboda haka saman za ka kare. Wurin da ya ƙone ya yi fari, babu abin da ya rage a ciki da za a dawo da shi. Wurin da ya yi duhu kuwa yawanci akwai bayani kwance, ana iya ɗago shi a kwamfuta. Sa kyamarar a A, wato tsarin da kai ke zaɓar faɗin ƙofar lensi ita ta zaɓi sauran, ka sa ƙofar a f/8, ISO 100, ka danna maɓallin +/- ka sauke zuwa -1. Ɗauka, ka buɗe histogiram, wato jadawalin nan mai kamar tudu. In tudun ya manne da bangon dama, ƙara saukewa. Kada ka yarda da allon kyamara kaɗai, a hasken waje yana ruɗi. Sannan ka bar ajiye hoto a JPEG ka koma RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG na da matakin haske 256 a kowane launi, RAW ɗin kyamararka 4096. Hoton zai yi maka duhu a fili, kada ya dame ka. In ka isa gida buɗe shi a manhajar gyaran hoto, Lightroom ko NX Studio na Nikon, wanda kyauta ne, ka ɗaga Shadows, wato ma'aunin haskaka wuraren duhu, a hankali.

Baba Mai Hoto, Ƙofar Rini:
Ɗana, abin da Baban Ummi yac ce gaskiya na. Amma ni tambayata, mi yas sa sai ka hwuskanci rana? Zamanin da munka yi aiki da fim babu allon da za ka duba, sai an wanke kake ganin abin da kay yi, don haka munka koyi tsayawa inda haske zai taimake mu.

Hadarin ƙasarmu daga gabas shika tasowa. Da la'asar sakaliya rana tana yamma. To juya mata baya, ko ka bar ta a kahwaɗarka. Sai ka ga hasken rana ya kwanta bisa shinkahwa tana walƙiya, bayanta kuma hadari ya yi baƙi. Ƙasa ta samu haske, sama ya rage nashi, ratar da kake kuka da ita ta rufe da kanta tun ba ka taɓa maɓalli ba. Hotunan fadama da nif fi so duk haka anka ɗauke su. In kuma jan gajimaren yamma kake biɗa, dakata sai ƙwayar rana ta nutse. Lokacin nan sama ya huce, ƙasa ba ta gama duhu ba. Sai dai ba shi daɗewa nan wajenmu, muna kusa da tsakiyar duniya, rana miƙe take sauka, kuma ga kiran Magariba. Shirya komi tun da wuri. Da sahe bayan Asuba ma haka na, kuma iska ya fi kwanciya.

In za ka shiga gonar mutane ka yi sallama ka nemi izini, kuma kada ka ɗauki mutum bai sani ba.

Maman Hanifa, Arkilla:
Ni hoton biki nake yi, na fili sai in na samu sarari, amma ƙanena ka nemi filtar da ake kira GND. Gilashi ne rabinsa na sama mai duhu, na ƙasa garau, ana sa shi gaban lensi ya rage wa sama mataki 2 ko 3. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, layin da sama ya haɗu da ƙasa a miƙe yake, don haka mai kaifin iyaka, wadda duhunta ke yankewa lokaci ɗaya a tsakiya, ita ta dace da mu. Na gwada shi a madatsar ruwan Goronyo, na ji daɗinsa ƙwarai. Illarsa ɗaya, duk abin da ya tsaya cikin sama, giginya ko kuka ko hasumiya, kansa zai yi baƙi gindinsa na haske.

Injiniya, Gawon Nama:
Hajiya, a yi mini afuwa, ni da zai ji tawa da kuɗin filtar ya sayi ƙafa uku ta ɗora kyamara. Mai kyau tsada gare ta, mai araha kuma takan canja launin sama. Da ƙafa uku zai ɗauki wuri ɗaya sau uku ya haɗe su a kwamfuta, abin da ake kira HDR. D3300 ba ta yin wannan jerin da kanta, da hannu zai yi: ya sa M, inda shi zai saita komai, ya bar f/8 da ISO 100 yadda suke, saurin shata kaɗai, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, zai riƙa canjawa, misali 1/250, 1/60, 1/15 na daƙiƙa. Tsakanin kowanne mataki biyu ke nan.

Maman Hanifa, Arkilla:
Injiniya, shinkafa fa yake ɗauka, kuma gaban hadari. Iska na kaɗa ta, ruwa na tafiya, hotuna uku ba za su hau kan juna daidai ba. Filta a ɗauka ɗaya take gama aikinta.

Injiniya, Gawon Nama:
Wannan haka yake. To ranar da iska ya kwanta ya yi tawa.

Ɗan Runjin Sambo:
Allah ya saka da alheri, Baba na gode ƙwarai. Jiya na sauke zuwa -1 kuma gajimare ya fito, har na ji daɗi. Sai dai da na ɗaga duhun ƙasa, wasu ɗige-ɗige sun bayyana a cikin koren, hoton kuma ya daina kama da yamma. Sannan in hunturu ya shigo, wannan dabarar za ta yi?

Baban Ummi, Mabera:
Madalla. Fara duba ko Auto ISO a kunne yake, domin da haske ya ragu zai haura da kai 1600 ko fiye, kuma daga nan ɗige-ɗigen ke yawaita. Kashe shi ka tsaya a 100, in shata ta yi jinkiri ka ɗora kyamarar kan wani abu tsayayye. Na biyu, ka ɗaga da yawa. Da yamma dole ƙasa ta fi sama duhu, inuwar gajimare a cikin gulbi ma ta fi gajimaren kansa duhu kaɗan. In ka daidaita su ido zai ƙi yarda. Ɗaga har a gane ganyen shinkafa, ka tsaya nan. Ya fi kyau ka zaɓi ƙasar kaɗai da Linear Gradient, wato abin zaɓar sashe ɗaya na hoto a Lightroom, ka bar saman yadda ka kamo shi.

Hunturu kuwa wani karatu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce ke rufe sama, farin nasa na gaske ne, ko ka sauke -3 toka-toka za ka samu. A lokacin rage wa sama wuri, ba shi kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, ka cika hoton da gonakin albasa da masu ban ruwa. Hazon na tausasa rana, ratar ma ba ta kai ta damina ba. Kuma kada ka cire lensi a fili lokacin nan. Ƙurar da ta shiga za ta zauna kan sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, ka riƙa ganin tabonta a sararin sama duk sanda ka matse zuwa f/16.