Neman shawara kan mayar da lasisin tuƙi na Najeriya zuwa na Ghana

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Kumasi. Ni baƙo ne daga Kano, ina zaune a Aboabo, ina ɗaukar wa maigidana kaya daga kasuwar Kejetia a ƙaramar mota. Lasisina na Najeriya ya kusa ƙarewa, shi ya sa nake so in samu na DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi ta Ghana, ajin B na ƙananan motoci.

Fasfo yana hannuna, katin Ghana na baƙi ma na karɓa. Inda na tsaya cak shi ne takardar da za ta tabbatar lasisina na gaske ne. Wani ya ce ofishin jakadancin Najeriya da ke Akra ke bayarwa, wani ya ce sai FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, ta rubuto daga gida. Ba na so in bar aiki in kama hanyar Akra in dawo hannu rabbana.

Idan lasisin ya ƙare kafin takardar ta fito fa? Za a karɓe shi, ko sai na koma makarantar tuƙi, in yi gwajin ido da jarrabawar kwamfuta kamar sabon shiga?

Wani dillali ya ja ni gefe, ya rubuta kuɗi a bayan katin waya, wai shi zai gama komai. Na ƙi, domin da wannan lasisin nake ciyar da iyali, ba zan riƙe na bogi ba. Don Allah wanda ya bi hanyar da ƙafarsa ya faɗa mini ta ina ya fara.