Wai Ɗakin da Mota ke Ja Shi ne Ayari?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, sai na faɗa zan samu sauƙi. Ƙarshen Oktoba na ɗauki hayar ayari, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, na kwashi iyali daga Manchester muka hau M6 zuwa yankin tafkunan arewacin Ingila. Kwana 5 muka yi tsakanin Windermere da Ambleside da Keswick. Wallahi ban taɓa ganin kyan daji irin na wannan kaka ba, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa, gefen duwatsu kamar an ƙunsa musu lalle. Amma ga abin da ba wanda ya gaya mini. Lahadin ƙarshen wata aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin biyar rana ta faɗi. Sansani biyu, wato wuraren da ake kafa irin wannan ɗaki a kwana, muka tarar a rufe sai baɗi. Tukunyar gas da aka ba ni ta ƙi kamawa daren da sanyi ya tsananta, yara suka kwana ba shayi ba ɗumi. Na dawo na kai kuka, sai kamfanin ya riƙe kuɗin ajiyata wai taɓo ya ɓata shimfiɗar ƙasa. Duk da haka ina nan kan bakana: wanda bai zaga karkarar Ingila da ayari lokacin kaka ba, bai ga Ingila ba, ko shekara ashirin ya yi a Landan.

Ɗan Agadas: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma don girman Allah, Malam, daina kiran wannan abu ayari. A daidai watan da kake faɗa ne ayarin gishiri ke tashi daga duwatsun Ayar a Nijar, ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, sama da kilomita 500 cikin yashi, ya dawo da kantu da dabino. Kakana ya yi wannan tafiya. Kai kwana 5 ka yi da katifa da firji.

Abu Sadiq: Ɗan Agadas, ka zaƙe. Kalmar karaban da Turawa ke kiran ɗakin nan daga Farisanci suka aro ta, kuma ma'anarta ta asali ayarin fatake. Baban Ilham fassara ya yi, fassarar kuma daidai take.

Ɗan Agadas: Bature ya lalata kalmarsa, mu ma sai mu lalata tamu? Ina madugu a wannan tafiya? Ina raƙumi?

Bakanon Asali: To nan kuma ka taɓo ni. Wa ya ce sai da raƙumi ake ayari? Fataken Kano da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, har Salaga, da jakuna suke tafiya, da madugunsu da jagabansu, suna yada zango. Zangunan da ke Ghana yau daga ina suka samo suna? Ku kullum sai ku nuna ku kaɗai kuka san fatauci.

Ɗan Agadas: "Ku" su wa? Fito fili ka ce 'yan Nijar. Gishirin da kakanninka suka saya a Kurmi daga ina ya zo?

Bakanon Asali: Ya zo ne don Kurmi na nan. Ba kasuwa, ba ayari.

Hajiya Maman Nana: Baban Ilham, sannu da wahala, ya yaran? Mun yi irin wannan tafiyar. Gas ɗin nan iri biyu ne. Butan ba ya tashi idan sanyi ya kusa sifili, furofen ake nema daga kaka zuwa hunturu. Sannan a riƙa buga wa sansani waya kafin a tashi, da yawa suna rufewa ƙarshen Oktoba. Kuɗin ajiya kuwa, ka ɗauki hoton ɗakin ranar da ka karɓa? Idan akwai, ka rubuta musu takarda ka haɗa da shi.

Malamin Makaranta: Ku duka kun kauce. Asalin ayari yawa ne. Shi ya sa a rediyo za ka ji an ce ayarin motocin gwamna. Mota ɗaya da ɗaki ɗaya ba ayari ba ne, ko da raƙumi aka ja shi. Sannan ita ma "kaka" ban yarda da ita ba. Kaka girbi ce, a yanke gero, a cika rumbu, a ɗaura aure. Zubar ganye a Keswick ba kaka ba ce.

Abu Sadiq: Malam, to me za mu kira lokacin? Su ma Turawan suna bikin girbi a daidai wannan lokaci.

Malamin Makaranta: Na koyar da Hausa shekara da shekaru, ɗana. Ba kai za ka gaya mini kaka ba.

Abu Sadiq: Ban raina ka ba, Baba, tambaya na yi. Kuma ba ka amsa ba.

Yaya Ummi ta Landan: Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne "ko shekara ashirin ya yi a Landan". Da mu kake, Baban Ilham, mun gane. Mutanen Manchester ba ku da zance sai Landan. Mu aiki ne ya zaunar da mu, ba mu da lokacin jan ɗaki a kan titi ana bin mu da ham saboda doka ba ta bari ka wuce mil 60 a awa a babbar hanya.

Baban Ilham: Yaya Ummi, ban ambaci kowa ba. Hajiya, na gode ƙwarai, hoton waje kawai na ɗauka. Ni dai ayari na sani, ayari zan ci gaba da cewa.

Ɗan Agadas: To ka je Bilma ka faɗa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, za a rufe wannan magana. Abin da na fahimta: an tabbatar cewa ayari ba sai da raƙumi ba, kamar yadda ɗan'uwa Bakanon Asali ya kawo hujja mai ƙarfi da tarihin fataken goro, kuma ba wanda ya iya rushe ta. Ɗan Agadas ya kawo labarin kakansa, mun ji, amma zafin ya yi yawa. Maganar kaka Malam ya riga ya yanke, ba a ja da manya. Daga yau duk mai son ambaton abin nan a zaure ya ce ɗakin ja. Wanda ya sake tayar da zancen Kano da Agadas zan cire shi na kwana 3.